Ranin da Muka Dafa Kan Inji

Wata ranar Laraba da hantsi, cikin kakar gyaɗa ta 1969, ina zaune ƙofar gida ni da Iya kakata muna ɓarar gyaɗa, sai muka ji ihun yara daga wajen hanyar Ɗan Issa. Ba ihun tsoro ba ne, irin wanda ake yi ne in an ga abin kallo. Na kakkaɓe ɓawon da ke cinyata na ruga. Wata babbar motar kaya ce, kamyo, ke tafe sannu a hankali, an ɗaure mata wani jan abu a baya da igiya, abin yana bin ta ƙasa-ƙasa har cikinsa na shafar rairayi. Wai mota ce. Ba rufi, ba wurin kaya, kujera biyu tak, ga dogon hanci, ƙafafunta kuma da wayoyi irin na keke. A cikinta, hannu biyu a kan bolan, wato sitiyari, yana murzawa, Babana ne, ya washe baki har kunne, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Iya ta iso bayana tana dogara sanda, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Takwara, wanga mota ce ko ɗiyar mota?" Duk cikinmu ba wanda ya sani.

Shekarata takwas a lokacin, kuma gaskiya ban san Babana sosai ba. Mutumin damina ne a wurina. Da an ɗaure hatsi an kai rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya tafi Kano, inda yake gyaran manyan motoci a wani garaji, ba ma sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Yakan dawo da sabulu mai ƙamshi da turmin atamfa na Inna, ni kuma in yi ta laɓewa bayan turmi ina leƙensa, kunya ta hana ni zuwa gaisuwa. Kafin in saba da shi an shiga noma, kafin a gama noma ya tafi. Wannan shekarar ma har Inna ta daka masa garin tafiya, sai ga saƙo daga Alhaji Mati, wani attajirin Ɗan Issa mai motocin dakon gyaɗa. Alhaji ya sayi jar motar ne a hannun wani Nasara da ya koma ƙasarsu, injinta a mace, masu gyara na Maraɗi duk sun ɗaga hannu. Ya ce wa Baba a gaban mutane, in har ya tayar da ita kafin ruwa ya sauka, to gyaran motocinsa duka ya zama na Baba, a nan gida, ba sauran zuwa Kano. Inna ce ta taƙaita mini maganar tana surfe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In jar motar nan ta tashi, Babanku ya bar tafiya." Iyakar abin da na gane ke nan a dukan al'amarin, kuma ya ishe ni.

Sauran kuwa, wallahi ban gane komai ba, kuma ba ni kaɗai ba. Garinmu Madarumfa kaf ya zo kallo. Masunta da suka taso daga tafki suka ce kwalekwale ne aka yi wa ƙafa, sunan kuma ya bi ta, jan kwalekwale. Wani ya tambaya buhu nawa take ɗauka, Baba ya ce ko ɗaya. To in mutum zai kai iyalinsa biki fa? Baba ya ce sai dai ya zaɓi mutum guda. In ruwa ya sauko fa? Baba ya ce sai a jiƙe. A lakwal, makarantar bokonmu, na yi ƙarfin hali na tambayi mushe, malaminmu, ya ce motar tsere ce, Nasaru ke shiga su yi ta gudu a zagaye, don kawai a ga wanda ya riga dawowa inda aka tashi. Na yini ina juya wannan magana a kaina. Mutum ba a biyo shi ba, ba a aike shi ba, ya ƙona isansi, wato man mota, ya dawo inda ya fito, a kuma tafa masa? Na ɗauka mushe wasa yake yi mini. Amma dai farin jini na samu ba kaɗan ba. Ƴan matan da ba sa sa ni cikin carafke suka fara ba ni ƙuli-ƙuli don in bar su su taɓa fitila, maza kuma suka koma zama bibbiyu cikin fasasshen masaki suna ruri da baki, duk filin lakwal ya cika da motocin da ba su ɗaukar kaya.

A gindin tsamiyar ƙofar gidanmu Baba ya kafa wurin aiki. Tsakanin tsamiyar da madafin Inna ba komai sai dannin kara, ana jin tarin juna, amma mata ba sa fitowa nan, shi ma ba ya leƙa can. Ni ce mai kai da komo. Da igiyar rijiya aka rataya injin a reshe, maza suna ja suna "ya Allah", aka sauke shi a kan guntun turmi. Baba ya wargaza shi kaf, ya jera kayan cikinsa a kan tabarmi, manya a gaba, ƙananan kusoshi cikin tsofaffin gwangwanayen tumatir. Yana ɗauka yana faɗa mini suna, wannan piston, waɗannan zobban sigma, wannan buji, ni kuma ina maimaitawa kamar karatu, ba tare da na san abin da ko ɗaya yake yi ba. Da na taso lakwal sai in yi maza in cika randuna, in kai wa awaki harawa, in taya Inna daka, sannan in fice. Aikina wanke ƙarafa da kananzir da korar kaji, don kazar Iya ta ga kujerar fata ta ce nan za ta yi ƙwai, ta kuma yi. Baba ba ya kiran sunana, tunda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwani yake ce mini. Sai a ranin nan na san yana waƙa in yana aiki, da wata murya mara daɗi ko kaɗan, na san yana tsoron kunama fiye da Inna, na san yakan rage mini tsokar kifi a gefen akushi. Ban taɓa jin daɗi irin na watannin sanyin nan ba, kuma ban sake ji ba.

Duk wahalar tana wurin abin da yake kira kulas, wato kan inji. Murfi ne mai kauri da ke rufe ramukan da piston ke hawa da sauka, cikinsa duk hanyoyi ne. Baba ya nuna mini da tsinke. "Wuta ta nan take bi, ruwa ta nan, luwul, man inji, ta nan. Maƙwabta ne, Uwani, amma ranar da suka gaisa an shiga uku." Wanda ke kan injin na baƙin ƙarfe ne, ya tsage daga gefe zuwa gefe, shi ya kashe motar. Sai dai a bayan kujeru an sami wani naɗe cikin tsohon bargo, an shafe shi da baƙin fenti, ƙofofinsa manya-manya, ga shi sakayau, har ni ina iya ɗaga gefensa. Alhaji ya ce Nasaran ya gaya masa wannan shi ne na tsere, bai dai samu ya ɗaura ba. Baba ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce farin ƙarfen Nasara ne, irin wanda ake yin jirgin sama da shi, bai taɓa riƙe irinsa ba. Matsalar ita ce zanzaro ya riga mu. Ya shekara yana gini a cikin hanyoyin ruwan, ya cika su da laka, ga busasshen maiko ya daskare a kai. A garajinsu na Kano in kan kamyo ya toshe haka, dafa shi suke yi cikin ruwan kanwa, ya fito fes. Sai Baba ya aike ni in karɓo babbar tukunyar dalma ta Inna, irin farar nan mara nauyi, wadda ta sayo a Maraɗi take ji da ita, a jiƙa kanwa a ciki. Inna ta ce, "Je ki ce masa ba a tukunyata ba. Kanwa cin dalma take yi, in ta kwana ciki sai ta huda ta." Na je na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ko kalma ba. Baba ya yi dariya ya ce mata da tukwanensu sai Allah, ya sa aka yanko masa rabin tano, gangar mai ta ƙarfe.

Ranar dafuwar kamar ana biki. Na daka kanwa a turmi har tana shiga mini hanci, aka hura wuta da karan dawa, aka tsunduma kulas. Ba a jima ba ruwan ya fara kumfa yana wani tsuwa, ƙananan ƙwayoyi suna tasowa daga jikin ƙarfen ba tsayawa. Baba ya tsaya ya ƙura ido, ya ce bai taɓa ganin kanwa ta kama aiki haka ba, lalle dattin ya yi yawa. Aka bar shi ya kwana a ciki. Da safe ya fito ba fenti, ba gidan zanzaro, amma ba fes ba, ya yi toka-toka, in ka shafa sai ka ji kaushi. Baba ya sosa ƙeya, ya ce ba komai, za a goge. Ya samo fasasshen gilashin kamyo ya shimfiɗa, ya barbaɗa lallausan rairayin bakin tafki da luwul, ya yi ta goga fuskar kulas a kai har ta yi sumul. Ƙananan murafun nan da ke buɗe wa wuta hanya, supap, su kuma da ɗan sanda yake murza su tsakanin tafukansa, yadda Inna ke murza maburgi cikin miya. Wani direba ya kawo masa sabon juwan daga Katsina, wato siririn faifan da ake shimfiɗawa tsakanin inji da kansa don kada ruwa da wuta su haɗu. Ya ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, yana bismillah a kan kowanne.

Ta tashi. Wayyo, ta tashi! Wata safiyar Lahadi samari suka tura, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta saki wani ruri da ban taɓa jin irinsa ba, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya ya nufi daji. Inna ta rangaɗa guɗa daga bayan danni. Baba ya ce Iya ta shiga, ta ce ita ba ta gaji da duniya ba, sai ya ɗaga ni ya dasa a kujerar. Muka bi ta gefen kasuwa muka miƙe hanyar tafki, garake suna wucewa, masu ban ruwa suna sakin guga suna kallo, ɗankwalina ya tashi ban ko waiwaya ba. Ina ta faɗa a raina, shi ke nan, Baba ya zauna, Baba ya zauna. Muna isa bakin ruwa sai rurin ya canza. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, hancin motar ya fara huci, ta yi ƴar girgiza ta mutu. Baba ya fita ya zaro ɗan ƙarfen da ake duba luwul da shi. Luwul ɗin da na gani da idona an zuba baƙi-baƙi mai kyau ya koma fari kamar an dama fura. Na ce, "Baba, wa ya zuba nono?" Ya mayar da ƙarfen ya rufe hancin motar. Masunta ne suka turo mu gida.

Daga nan aka shiga abin da har yau in na tuna kaina ke juyawa. Kowa ya zama likitan mota. Wani direba ya ce isansin kwalba ne na bakin iyaka, an gauraya shi. Aka sayo na Maraɗi, ba ta canza ba. Wani ya ce buji ne, aka canza buji. Motar tana da karbiratar biyu, abin da ke haɗa mata isansi da iska, Baba ya yini da guntun tiyo a kunne yana sauraren numfashin wannan da na wancan har suka daidaita, hayaƙi dai na nan. Liman ya aiko da rubutu aka zuba a ruwan injin. Iya ta ce ita tun farko ta san ciwon ciki ne, ciwon ciki kuwa ba shi da magani sai kanwa. Baba ma can tunaninsa ya tsaya, ta wata hanyar. Ya ce tunda tana zafi, to akwai sauran lakar zanzaro a can ciki inda tsinke ba ya kaiwa, dafuwar farko ba ta isa ba. Aka kwance, aka sake dafawa, aka ƙara kanwa. Unguwa duka ta san abin da ke kan motar nan, don haka kowa ya kawo gudummawa. Matan maƙwabta suka yi ta aiko da ƙullin kanwa, mai awaki ya kawo ta dabbobinsa, Iya ta kwance bakin zanenta ta ba da jar kanwarta da take haɗawa da taba, wadda ko ɗanɗano ba ta ba kowa. Ni ke karɓa a madafi in kai gindin tsamiya, ni ke dakawa, ina daka ina addu'a.

Amma kullum ciwon gaba yake yi. Tashin farko ta kai tafki. Na biyu ta tsaya a kasuwa. Na gaba ko masallaci ba ta kai ba, daga ƙarshe a gindin tsamiyar take yin hayaƙinta ta mutu. Fuskar kulas ta fara fitar da ƙananan ramuka irin zanen agana. Baba ya goge su a kan gilashi, su ɓace, a dafa, su dawo da ƴan'uwansu. Gugar kuma ta jawo wata sabuwa, don yawan cin fuskar ya rage wa wuta wuri, injin ya fara wani ƙas-ƙas a ciki kamar ana buga ƙusa. Ya haɗa juwan biyu, ƙas-ƙas ya ragu, ruwa ya ƙaru. Ya cire ɗaya, ruwa bai ragu ba, ƙas-ƙas ya dawo. Ni dai na rasa gane kan duniya. An ce magani ne, ana ƙara magani, mara lafiya na ƙara lalacewa. Na tambayi Inna, ta ce ita ina ruwanta da ƙarfen maza, ba ta ma taɓa ganin abin kusa ba. Na tambayi Baba, ya ce, "Uwani, da na sani ai da ban zauna nan ba." Ya bar waƙa. Yakan ɗora kulas a cinya ya yi ta kallonsa har kiran la'asar. Bazara ta shigo da zafinta, mutane suka fara sharar gona, tamu na nan ba a taɓa ba. Alhaji Mati yakan biyo ranar kasuwa, ya gaisa da mutunci, ba ya cewa komai a kan mota, sai dai kafin ya tafi ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ni ma na koma duban gabas, ina roƙon Allah Ya riƙe ruwa, alhali kowa a garin roƙon saukarsa yake yi. Na san ba daidai ba ne, ban kuma iya bari ba.

Ruwan ya zo da la'asar, ranar da Baba ya haƙura ya tafi sharar gona. Iska ta taso ta fara kwasar tabarmi, kulas na nan a waje an shanya shi bayan wata dafuwar. Na yi ta ihu, ba namiji ko ɗaya a kusa. Sai ga Inna ta fito, ta yafa zane a ka, karo na farko da na gan ta a gindin tsamiyar nan. Ta tattara gwangwanaye ta miƙa mini, sannan ta sunkuya ta ɗaure ƙugu za ta ɗaga ƙarfe mai nauyi, abin ya taso mata sakayau har ta kusa faɗuwa da baya. Ta kai shi zaure ta ajiye, amma ba ta koma ciki ba. Ta tsuguna. Ta ƙwanƙwasa shi da zobenta ta kasa kunne. Ta kankare gefe da farce, ta shafa ramukan nan da yatsa. Sai ta ce in je bayan rumbu in ɗauko mata tsohuwar ƴar tukunyar da kaji ke shan ruwa a ciki, wadda ta huje tun ina goye. Ta ajiye su gefe da gefe. Ramukan iri ɗaya ne, tokar iri ɗaya.

Baba ya shigo a jiƙe sharkaf, ya tarar da mu haka. Inna ta ce, "Malam, wanga abu ai dalma ce."

"Farin ƙarfen Nasara ne," in ji Baba, yana matse hularsa.

"Ko na wane ne, dalma ce. Ita kuka yi ta dafawa da kanwa tun sanyi?"

Baba ya dubi tukunyar kaji, ya dubi kulas. Ya zare tsinke daga tsintsiya, ya sa cikin wani rami a wajen da wuta ke bi, ya tura a hankali. Tsinken ya shige, ya leƙo ta hanyar ruwa. Ya zauna a ƙasa daɓas. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, wata dariya ta kufce masa, yana yi yana buga cinya, hawaye na zuba, na kasa gane ko dariyar ce ko kuka. Iya ta leƙo daga ɗakinta ta ji abin da ya faru, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kanwata! Jar kanwata!" Inna ta tsaya riƙe da bakin zane, ta ce ai ta faɗa, ta aiko yarinya ta faɗa. Baba ya ce ta faɗa, wallahi ta faɗa, shi ma ya ji, tukunya ya ji ana magana. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina. Na matsa kusa na ce, "Baba, to yanzu da aka gane, za ta tashi?" Ya share fuska, ya dafa kaina da hannunsa mai sanyi. "A'a, Uwani. Ta gama tashi."

An nemi wani kulas irinsa a Maraɗi, an aika Katsina, an aika Kano, ba a samu ba. Alhaji Mati ya zo, Baba ya gaya masa komai bai ɓoye ba. Alhaji ya yi salati, ya girgiza kai, ya ce haka Allah Ya so, bai ɗaga murya ba. Amma magana magana ce, ruwa ya sauka mota ba ta tashi ba, gyaran motocinsa ya ba wani. Kamyon da ta kawo jan kwalekwale ita ta zo ta ja shi, yara suka raka shi har bayan gari, wannan karon ba ihu. Kulas ɗin Alhaji ya ce a bar shi nan, ba abin da zai yi da shi. Muka yi noma a makare, gero ya yi abin da ya yi. Da aka kai hatsi rumbu Inna ta sake daka garin tafiya. Ana saura kwana kaɗan Baba ya sa kulas cikin buhu ya tafi Maraɗi wurin masu zubin tukwane, ya dawo da yamma da tukunya sabuwa, madaidaiciya, mai kunne biyu. Ya ƙetare dannin nan, ya shiga har madafi, abin da ban taɓa gani ba, ya ajiye ta gaban Inna ya ce, "Ga motarki." Inna ta juya baya tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara. Ranar tafiya na bi shi har bakin hanya ina riƙe da igiyar jakarsa, sai da ya ɓamɓare yatsuna ɗaya-ɗaya. Haka ya ci gaba da tafiya duk shekara. Da shekarun yunwa suka zo har damina yakan yi a can, don abin da yake aikowa shi ke riƙe da gidan. Wata shekara hadari ya haɗu, muka share ɗakinsa, sai saƙon rasuwarsa ya zo a maimakonsa.

Yanzu an sare tsamiyar, inda take wani ya kafa rumfar sayar da isansi. Babura sun cika hanyar Ɗan Issa, ba yaron da zai bar wasansa don ya ga mota. Jikana ma gyaran mota yake yi a Maraɗi, da na ba shi labarin nan ya yi ta dariya, ya ce ai ko yaron da ya fara aiki jiya ya san ba a haɗa kanwa da dalma. Na ce masa a gidanmu ma an sani, Inna ta san rabi, Baba ya san rabi, dannin kara ne kawai a tsakani. Na tsufa ban gano wanda zan yi fushi da shi ba. Kowa abin da ya fi so ya kawo, har Iya da jar kanwarta, da hannunmu muka dafa zaman Baba muna murna. Wani lokaci in ce da Inna ta fito tun ranar farko, wani lokaci in ce da Baba ya leƙa madafi sau ɗaya, sai in tuna rani guda ɗin da na samu a gefensa, in bar zancen. Tukunyar tana wurina tun rasuwar Inna, gindinta ya yi baƙi, kunne ɗaya ya ɗan lanƙwashe. Ina dafa tuwo a ciki, ina dafa shinkafa, amma wake da miyar kuɓewa a wata tukunyar nake yi. Har yau ban taɓa sa mata kanwa ba.